Muƙamuƙin Ladan

"Kwana arba'in yau, mutum bai tauna ko ƙwayar shinkafa ba! Ciki aka ce za a yanka. To ina ruwan ciki da baki? Ku gaya min, ina ruwan hanji da muƙamuƙi?"

Gwaggo ce, yayar maigidan. Tana kan kujerar roba a tsakar gida, mayafi ya zame har kafaɗa. Tun safe ta zo, tun safe take abu ɗaya.

Umma ta ci gaba da aikinta. Tana durƙushe tana murje ayaba da bayan cokali, tana ɗiga madara.

"Ke nake wa magana, matar ƙanena."

"Ina ji, Yaya."

"Kullum kina ji. Mijinki ya koma jariri, sai ayaba sai burodi a shayi, ke kuma kina ji. Wallahi da mijina ne, da tuni na je asibitin nan na cire wa yaron hula a gaban mutane."

Auta na bakin ƙofar ɗaki da tulin littattafan ɗalibanta a cinya, jan biro a hannu. Malamar firamare ce, shekararta ashirin da bakwai, ita kaɗai ta rage a gaban iyayen. Tun da Gwaggo ta fara, shafi ɗaya take kallo.

Yaron da ake magana a kansa shi ne Nas. Shekara biyu yana nemanta, manyansa ma sun zo sau ɗaya an karɓe su da fara'a. Aikinsa a ɗakin tiyata ne, shi ke sa mutum barci kafin a yanka, ya tsaya a kansa har ya farka.

Baba kuwa ladan ne. Shekara ashirin da shida shi ke kiran salla a masallacin ƙarshen layi, ko zazzaɓi ba ya hana shi.

Wata Talata da hantsi hanjinsa ya murɗe. Aka kwashe shi sai asibiti, likita ya ce yanzu-yanzu ko a rasa shi. Cikin ikon Allah, ranar Nas ne kaɗai mai allurar barci a bakin aiki.

Aiki ya yi kyau, ciki ya warke. Amma tun da Baba ya farka bakinsa ya ƙi buɗuwa. Yatsa ɗaya ke shiga tsakanin haƙoransa, shi ma da ƙyar. Ciwon daga gaban kunne yake tasowa ya hau kai ya sauko wuya. In ya motsa haɓa sai a ji ƙas, kamar an karya tsinke.

Wani likita da ke zagayen marasa lafiya ya ce hakan kan faru wurin sa bututun numfashi, don sai an ja muƙamuƙi gaba. A gaban Gwaggo ya faɗa.

Ta ce, "Wa ya ja?"

Shi ke nan. Daga ranar sunan Nas ya ɓaci a gidan.

Lasifikar masallaci ta yi ƙara. Kafintan layin ne ya karɓi kiran azahar, muryarsa kamar zarto a jiƙaƙƙen katako.

Ta labule Auta ta hango Baba ya juya fuskarsa bango, ya ja bargo ya rufe kunnensa.

"Kin gani ko?" in ji Gwaggo, murya ƙasa-ƙasa. "Kin ga abin da masoyin naki ya yi?"

"Gwaggo, ransa ya ceto."

"Allah ne ya ceci ransa, ke marar kunya! Shi bakinsa ya karya."

Sallama aka yi a ƙofa. Mai Kemis ne, mai shagon magani na bakin titi, ƙanen mijin Gwaggo. Ya shigo da leda a hannu, turarensa ya riga shi isowa. Aure biyu ya yi, duka sun mutu, kuma a bakinsa duk laifin matan ne. Yanzu Auta yake hari, Gwaggo na goya masa baya.

"Ina wuni, Umma? Ya jikin Baba? Ga wata ƙwaya sabuwa, wannan ko doki aka bai wa sai ya yi shiru."

"An gode. Allah ya saka."

"Haba, ai yi wa kai ne." Ya juya wajen Auta. "Malama, ko gaisuwa babu?"

"Ina wuni."

"Lafiya lau. Kin rame fa. Ki daina sa damuwa, komai ya kusa zuwa ƙarshe." Ya yi 'yar dariya, Gwaggo ta taya shi.

Umma ta shiga ɗaki da kofin ayabar. Auta ta bi ta, ta durƙusa a bakin gado.

"Baba, sannu."

Ya dube ta. Kumatunsa sun zurma, gemun ya yi buzu-buzu. Ta tsakanin haƙora yake magana, sai an kasa kunne.

"Uwata."

Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa gare ta.

"Na'am, Baba."

"Baffanki zai zo bayan la'asar. Ya kira mutanen yaron. Za a ba su haƙuri."

"Baba, don Allah..."

"Ban ce ki auri kowa ba. Ki zaɓi wanda kika ga dama." Ya runtse ido, ya dafe gefen kunne har zafin ya lafa. "Amma hannun da ya raba ni da kiran salla ba zai riƙe min 'ya ba."

Umma ta miƙa masa ƙaramin cokali. Madarar ta ɗiga a zanin gado.

* * *

Auta ta ce za ta sayo ayaba. Ba ta tsaya ko'ina ba sai ƙofar ɗakin tiyata.

Kan dogon bencin da dangin marasa lafiya ke zama ta jira. Warin maganin goge ƙasa ya cika wurin. Can sai ga Nas ya fito cikin koren kaya da 'yar hula, takunkumi rataye a wuya. Idonsa ya faɗa.

"Malama."

"Kar ka ce min Malama. Ka san abin da za a yi yau?"

"Na sani. Yayana ya gaya min."

"Ka sani, kake nan kana yawo da hula?"

"Mutum uku ke jirana a ciki. In tafi in bar su?"

Ta fashe da kuka. Wata tsohuwa da ke gefen bencin ta matsa ta ba su wuri. Ya zauna nesa kaɗan, ya haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyi.

"Ka dube ni," ta ce. "Kwana arba'in ina kare ka a gida. An zage ni, an ce ba ni da zuciya, an ce na fifita namiji kan ubana. Ban taɓa tambayarka ba. Yau ina tambaya. Kai ka yi?"

"Ni ne."

Ta ɗago da sauri.

"Da hannun nan," ya ce. "Ya yi barci, iska ta ƙi shiga. Inji na ta kuka, leɓensa ya fara baƙi. Na sa yatsu bayan haɓarsa na turo gaba don hanya ta buɗe, sai na ji muƙamuƙin ya goce. Na sa bututun, na mayar da shi nan take. Wallahi da za a dawo da ranar, haka zan sake yi. Baki ne ko rai, kuma ba ni da minti biyu."

"Kowa haka kake masa?"

"Kowa. Kullum sai na yi wa mutum biyar, shida. Wani ya tashi da ɗan ciwo, kwana uku ya wuce. Wani sati biyu."

"To me ya sa na Baba bai wuce ba?"

Ya kawar da kai. Ya cire hular ya murɗe ta a hannu.

"Magana nake maka."

"Kowane jiki da irinsa."

"Ƙarya kake. Na san fuskarka in kana ɓoye abu, kunnenka kake sosawa. Ga shi nan kana yi."

Ya sauke hannun.

"Akwai abin da na sani ta wurin aiki," ya ce a hankali. "Likitan haƙori ya ɗauki hoto, na gani. Amma ba nawa ba ne. Amanar mara lafiya ce."

"Ko ni?"

"Ko ke."

"Za a raba mu nan da awa biyu, kana min maganar amana? Amanar ta fi ni?"

"Ba ta fi ki ba."

"To ka faɗa! Ka zo gaban Baffa ka faɗa!"

"In na faɗa na wanke kaina, na sani. Amma sai na tozarta mahaifinki a gaban 'yan'uwansa, yana kwance ba ya iya ko ɗaga murya. Daga nan fa? Ki shigo gidana kina kallon mutumin da ya yi wa ubanki haka? Wata ɗaya za ki yi ki tsane ni."

"Ba zan tsane ka ba."

"Ni zan tsani kaina."

Hawaye ya gangaro masa, ya goge da bayan hannu da sauri don kar masu wucewa su gani.

"Shekara biyu," ta ce cikin kuka. "Kai ka ce min ko duniya za ta taru. Ga shi duniya ba ta taru ba, Gwaggo ce kawai da mai shagon magani, ka zauna ka naɗe hannu."

"Zan zo. Zan durƙusa in ba shi haƙuri, ko zai tofa min yawu. Abin da zan iya ke nan."

"Haƙuri na nufin ka amsa laifi."

"To na amsa."

Wata ma'aikaciya ta leƙo ta ƙofa ta ce an shirya. Ya miƙe, ya mayar da hular.

"Ki saurare ni, ko ba ni a ciki wannan ya zama dole. Ƙwayoyin Mai Kemis ɗin nan a daina ba shi, masu ƙarfi ne, za su ci masa cikin da aka ɗinke. A riƙa gasa masa gefen kunne da tawul mai ɗumi safe da yamma. In hamma ta zo masa, ya tallafe haɓarsa da hannu. Ranar Alhamis a kai shi wurin likitan haƙori, akwai motsa baki da za a koya masa. Zai iya samun sauƙi, amma sai ya je."

"Ya ce ba zai sake taka asibitin nan ba."

"To a kai shi wani."

Ƙofar ta rufe a bayansa. Tsohuwar nan ta miƙo mata gefen mayafinta ta ce, "Share, 'yata. Naki ne a ciki?"

Auta ta gyaɗa kai kawai.

* * *

Ta dawo ba ayaba. Gwaggo ta shiga maƙwabta, gidan shiru.

Tana cire takalmi ta ji wani irin gurnani daga ɗakin Baba, kamar na wanda aka shaƙe. Ta ruga.

Yana zaune a bakin gado, baki a wangame, ya ƙi rufuwa. Haɓar ta zamo gaba ta karkace. Yawu na zuba a rigarsa, idanu sun firfito, yana dukan katifa da hannu. Hamma ce ta zo masa.

"Innalillahi! Umma! Umma, a kira mota!"

Umma ta shigo daga kicin. Ko salati ba ta tsaya yi ba. Ta fizgi ɗankwalinta ta yage shi biyu, ta naɗe manyan yatsunta.

"Rufe ƙofar. Hau bayansa ki riƙe kansa a ƙirjinki, kar ki bari ya motsa."

"Umma, me za ki..."

"Riƙe na ce!"

Ta tsaya a gabansa, ta zura yatsun har kan turamen haƙoransa na ƙasa, sauran yatsun ta tallafe haɓar.

"Malam, saki jikinka. Saki. Bismillahi."

Ta danna ƙasa da ƙarfi, ta tura baya. Sai ƙwas! Bakin ya rufe. Ta zare yatsunta kafin haƙora su kama su, daidai lokacin, ko daƙiƙa ba ta ƙara ba.

Baba ya zube a jikin Auta yana nishi, gumi ya jiƙe shi. Umma ta goge masa gemu, ta canza masa riga, ta ɗaure masa haɓa da ragowar ɗankwalin, ta kwantar da shi.

Bai dubi Auta ba. Ita ma Umma ba ta dube ta ba. Ta kwashi rigar ta fice.

A kicin Auta ta same ta tana wanke hannu. Ta jawo ƙofa.

"Umma, ina kika koyi wannan?"

"Miƙo min tire."

"Ko a asibiti sai an kira likita. Ke ko tsayawa tunani ba ki yi ba. Ina kika koya?"

"Baƙi na hanya, ban tafasa ruwa ba."

"Sau nawa ya taɓa gocewa?"

Umma ta rufe famfo. Ta goge hannunta da gefen zani.

"Huɗu," ta ce. "Wannan na biyar. Ban da na asibiti."

Auta ta jingina da bango.

"Na farko shekarar da na yaye ki. Ya dawo daga asuba ya yi hamma, shi ke nan. Wani tsoho mai ɗori ya gyara, ya nuna min yadda ake yi, don ubanki ya ce ba zai riƙa yawo a titi da baki buɗe ba. Akwai masu son wurinsa a masallaci tun a lokacin. Da sun ji, cewa za su yi ladan ya lalace. Ya ce kar kowa ya sani. Ko Gwaggonki ba ta sani ba."

"Nas ya tambaya? Kafin aikin, ya tambaya?"

"Ya tambaya."

"Umma!"

"Rage murya." Ta zauna kan buhun gawayi. "Ya zo da takarda, ya durƙusa har ƙasa. Ya ce Baba a gafarce ni, ka buɗe baki in duba. Ya ce muƙamuƙinka ya taɓa gocewa ko ya riƙe? To ke ki duba. Dattijo kwance, an tuɓe shi, an sa masa wata 'yar riga mai buɗaɗɗen baya, ga mai neman 'yarsa a kansa yana cewa ya wangame baki. Ya ɗan buɗe kaɗan ya rufe. Ya kalle ni. Kin san kallon."

"Sai kika ce me?"

"Na ce lafiyarsa ƙalau, bai taɓa ba. Yaron ya sake tambaya. Na sake faɗa. Ya rubuta."

"Da kin faɗa fa?"

"Bayan an fito ya same ni a baranda. Ya ce Umma, da na sani da na shirya wata hanyar tun kafin ya yi barci, da na kira babbanmu. Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ƙara ba har yau."

Auta ta toshe bakinta da hannu biyu, kukan ya ƙi tsayawa.

"Kwana arba'in, Umma. Kina zaune ana zaginsa. Kina murza ayaba ana ce masa mugu. Kina kallona ina kuka."

"Kina tsammani ina barci? Ba sallar da ban yi istigfari ba."

"Ke kika koya min istigfari ba ya ɗauke haƙƙin mutum sai ya yafe."

Umma ta sunkuyar da kai.

"Baba ya san ba laifinsa ba ne?"

"Ya fi kowa sani. Amma mutum ya wayi gari abin da ya yi shekara ashirin da shida yana yi ya kuɓuce masa, wani na yi a kunnensa sau biyar a rana. In bai ɗora wa yaron ba, kansa zai ɗora wa. Ni kuma na ga yadda yake kallon silin, tsoro nake ji."

"Ni fa? Ba kya jin tsoro a kaina?"

"Ke yarinya ce, za ki samu wani."

"Ba na son wani!"

"Shekara talatin da biyar ban taɓa tona masa asiri ba. Jiya ya kama hannuna ya ce in na buɗe baki bai yafe ba duniya da lahira. Mijina ne. Ki gaya min inda zan sa kaina."

Ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida, sai ta mota. Aka yi sallama da muryoyin maza. Ta tagar kicin Auta ta ga Baffa ya shigo yana gyara babbar riga, Gwaggo na biye tana ba da umarni a shimfiɗa darduma a falo. Mai Kemis na ta jido kujeru kamar ɗan gida.

Bayansu yayan Nas ne da wani dattijo, suna cire takalma. Nas ne na ƙarshe. Ya sauya kaya, kansa a ƙasa, ya rakuɓe a bakin ƙofa inda takalman suke.

Aka fito da Baba, Baffa na riƙe da kafaɗarsa, haɓa ɗaure da yagaggen ɗankwali.

"Kun gani da idonku," muryar Gwaggo ta cika gidan. "Ba sai an yi dogon bayani ba."

Baffa ya ɗaga murya. "Matar yaya! A kawo wa baƙi ruwa, mu yi abin da ya tara mu."

Umma ta miƙe. Ta ɗaura wani ɗankwalin, ta jera kofuna a tire, ta ɗauka.

Auta ta zube a gabanta, ta tare ƙofa, ta riƙe ƙafafunta da hannu biyu.

"Umma, ban taɓa roƙonki komai ba. Ba na so in zama ni na tona ubana. In kin ajiye tiren nan, ki tsaya. Ki ce an tambaye ki kin ce babu, alhali akwai. Iyakarta ke nan, sauran ki bar wa Allah."

"Matar yaya!" Baffa ya sake kira.

"Don girman Allah, Umma. Ki faɗa musu."